Tambaya da Amsa: Ina ruwan hukuma da lemon da na sha?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru mini a kan maganar lemo da harajin da aka ɗora masa a nan Saudiyya, na zaɓo guda uku, kuma kamar yadda muka saba ba na sa sunan kowa sai garin da yake.

TAMBAYA

Salam Hajiya, da fatan kina lafiya, ya aiki ya zafi. Ni direba ne a Jidda, tun ina saurayi nake ƙasar nan yanzu har na aurar da 'ya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harajin nan na lemo. Wallahi na san lokacin da gwangwanin bebsi riyal ɗaya ne, ka tsaya bakala, wato kantin unguwa, ka ɗauko mai sanyi ka kwankwaɗe ka koma kan sitiyari, yanzu kuɗin ya ninka har ya wuce kuma wai don lafiyarmu aka yi. To ni tambayata, ba giya ba ce, ba haram ba ne, kuɗina ne na gumina, cikina ne, in ma ciwo ya kama ni ba gwamnati ce za ta biya mini asibiti ba tunda ni ba ɗan ƙasa ba ne, to ina ruwan hukuma da abin da na zuba wa cikina? Yau lemo, gobe sai a ce kabsa ma ta cika maiƙo a sa mata haraji. Dan Allah ki faɗa mini gaskiya ba irin ta ma'aikatan asibiti ba.
Direba, Jidda

AMSA

Wa alaikumussalam Malam, Allah ya tsare hanya ya sa wa nema albarka. Ni ma'aikaciyar jinya ce ka sani, amma zan ba ka naka inda kake da shi kafin in faɗi nawa.

Harajin nan ba don lafiya kaɗai aka kawo shi ba, wannan ka yi gaskiya. A watan Yunin 2017 ya fara aiki, ana cikin azumi ma, kashi 50 cikin ɗari a kan lemo mai gas, kashi 100 a kan taba da lemukan nan na ƙara kuzari, kuma a lokacin farashin ɗanyen mai ya faɗi tun 2014 gwamnati tana neman hanyar kuɗin shiga wadda ba ta fetur ba, ƙasashen yankin Gulf ne suka yi yarjejeniya a kai, Daular Larabawa ma ta biyo baya a watan Oktoba na 2017 ɗin. A Disambar 2019 aka faɗaɗa shi ya haɗa da sauran abin sha da aka zuba wa suga, har da na gari da ake damawa da mai kauri na kwalba da ake sirkawa da ruwa. Ga harajin VAT da ya shigo da kashi 5 a 2018 ya koma kashi 15 a 2020 shi ma ya hau kai. Duk wanda ya ce maka baitulmali bai ƙaru da kuɗin gwangwaninka ba, ya rufe ka. Kuma riyal ɗin da aka ƙara ya fi yi wa direba da mai shara da 'yar aikatau zafi a kan maigidan da suke yi wa aiki, ba mai musun wannan.

To amma Malam an hana ka sha ne? Firjin bakala yana nan cike, ba ɗan sandan da zai tare ka ya ce me ke hannunka. Abin da aka yi shi ne an sa ka ɗan tsaya ka yi tunani kafin ka ɗauki na biyu da na uku, kuma binciken da aka yi bayan harajin ya nuna cinikin lemo ya ragu a ƙasar nan, haka aka gani a Meziko da ta sa nata a 2014. Ni wannan ragin shi nake so, saboda na san abin da ke cikin gwangwanin. Mai mililita 330 na lemon kola yana ɗauke da suga wajen giram 35, kusan cokalin shayi 9 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce babban mutum kada sugar da ake ƙarawa a abinci da abin sha ta wuce wajen giram 50 a yini, in ma da hali a tsaya a 25, cokali 6 kacal. Ka ga gwangwani ɗaya ya riga ya tsallake wancan na biyun, ba a zo maganar shayin safe da na la'asar da na bayan isha'i ba. Direban da ke shan uku a yini cikin zafin Jidda ya zuba wa jikinsa cokali 27 yana zaune a kujera bai motsa ba, kuma abin takaicin shi ne sugar da ta shiga a ruwa ba ta ƙosarwa, za ka sha ka kuma ci abincinka cif kamar ba ka sha komai ba. Jini ya cika da suga nan take, jiki ya yi ta fitar da sinadarin insulin don ya kwashe ta, hanta ta mayar da wani ɓangaren kitse ta ajiye, yau da gobe sai jiki ya daina jin insulin ɗin yadda ya kamata, daga nan ne ciwon suga ke samun ƙofa. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana da shi, tana cikin ƙasashen da abin ya fi yawa a duniya, kuma mu Hausawan da ke zaune a nan abinci ɗaya muke ci da su, rana ɗaya ke dukanmu, firji ɗaya muke buɗewa.

Maganarka da ta fi tsaya mini a rai ita ce da ka ce ba gwamnati za ta biya maka asibiti ba. Wallahi Malam wannan maganar ita ce ta fi ba ni tsoro a kanka. Ɗan ƙasa in suga ta taɓa masa ƙoda akwai asibitin gwamnati, kai fa? Mai ikama, wato takardar izinin zama, yana da 'yar inshorar da aka yi masa ta wurin aiki, tana da iyaka, kuma ranar da aiki ya ƙare ita ma ta ƙare, wanda ba shi da takarda kuwa sai dai aljihunsa da na 'yan uwa. Wankin ƙoda sau uku ake yi a sati, kowane zama wajen awa huɗu, ka faɗa mini direban da zai riƙe aiki a haka. Ido ma suga na ci, kuma direba da idonsa yake cin abinci. Akwai wani dattijo ɗan uwanmu da na daɗe ina wanke wa ƙafa, ƙusa ce ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafa bai ji ba saboda jijiyoyin sun mutu, sai da matarsa ta ga jini a safa, kullum in ya zo sai ya zaro kuɗin bandeji daga cikin leda a ƙudundune, riyal biyar biyar da ɗai ɗai waɗanda 'yan garinsu suka haɗa masa bayan sallar Juma'a, yana miƙo mini yana sunkuyar da kai. Daga baya sai da aka cire yatsu biyu. Cikinka ne na yarda, amma ranar da ka kwanta matarka ce za ta kwana a kujerar asibiti, 'yar da ka aurar ce za ta sayar da ɗan kunnenta, iyalan da kake tura wa kuɗi gida su ne za su ji shiru.

Batun gobe a sa wa kabsa haraji kuwa, shinkafa da nama abinci ne, suna ƙosarwa suna gina jiki ko da an yi musu yawa, lemo kuwa kusan duk abin da ke cikinsa ruwa ne da suga da kala da gas. Shi ya sa ƙasashe suka fara da shi, Afirka ta Kudu a 2018, Najeriya ma ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Inda zan tsaya tare da kai shi ne in aka ce za a auna wa baligi mai hankali iya abin da zai sha. An gwada irin haka a birnin Niyok na Amurka, magajin gari Michael Bloomberg a 2012 ya so ya hana gidajen abinci sayar da lemo a kofin da ya wuce wajen rabin lita, kotu ta soke dokar tun kafin ta fara aiki, babbar kotun jihar ta tabbatar da sokewar a 2014. Ni tsarin Ingila ya fi kwanta mini, su a 2018 gwargwadon sugar da ke cikin kowane mililita 100 suka ɗora harajin, ƙasa da giram 5 babu komai, daga 5 a biya, daga 8 a biya fiye, sai kamfanoni da yawa da kansu suka rage suga don su tsere wa biya, ka ga an matsa wa mai masana'anta maimakon mai saye, nan yankin ma daga baya wannan hanyar aka kama. Addininmu ma bai bar abin haka sakaka ba, Allah ya ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma malamai sun yarda shugaba ya taƙaita halal in maslahar jama'a ta buƙaci haka, ba tare da ya mayar da shi haram ba.

Abin da nake roƙonka guda biyu ne. Ka je a auna maka suga da safe kafin ka ci komai, in ta nuna 100 zuwa 125 an fara kaɗa maka ƙararrawa, in ta kai 126 ko fiye a gwaji biyu to ka ga likita kada ka ja lokaci, musamman in kana yawan jin ƙishi da tashi fitsari cikin dare, don da yawa ƙishin ciwon ne ke sa su ƙara shan lemon suna zaton zafin gari ne. Na biyu ka sa ƙaramar kula a mota da ƙanƙara da ruwa da laban, wato nonon nan na sha, lemon ka bar shi ya zama na ranar Juma'a in an zauna cin abinci da iyali.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni uwar yara huɗu ce a Makka, maigidana yana da suga shekara da shekaru yana allura. Ni a ganina harajin nan wasa ne, me zai hana a hana sayar da lemon gaba ɗaya kamar yadda aka hana giya a huta? Ɗana mai shekara 11 duk riyal ɗin da ya samu bakala yake kai wa, in na hana shi abokai su ba shi, haƙoransa biyu sun yi kogo har kwana yake yana kuka. Mu a gida ba ma sayen mai gas, asir na kwali nake saya musu tunda shi 'ya'yan itace ne.
Uwar yara, Makka

AMSA

'Yar uwa sannu, Allah ya ba maigida lafiya ya shirya mana zuri'a. Na ji zafin da kika yi maganar da shi, wanda duk ya taɓa kwana da yaro mai ciwon haƙori ya san abin da kike nufi. Amma ban goyi bayan a hana gaba ɗaya ba. Giya Allah ne ya haramta ta, suga kuwa halal ce, yawanta ne cuta, kuma in an kwashe lemo daga kanti yau buhun suga yana nan a kicin ɗinmu, shi wa zai kwashe?

Inda nake so hukuma ta sa hannu da ƙarfi ba sassauci shi ne wajen yara, don duk maganar 'yanci da direbanmu na sama ya yi ta baligi ce. Yaro ɗan shekara 11 bai zaɓi komai ba, talla ce ta zaɓar masa, da firjin da aka ajiye daidai tsayinsa a bakin ƙofar bakala, da abin da ya ga manya na yi. An hana lemo mai gas a kantunan cikin makarantu kuma daidai ne, sai dai bakalar da ke kallon ƙofar makaranta tana nan, ƙarfe ɗaya na rana ki je ki ga yadda yara ke cika ta. Wannan ni da za a saurare ni da an duba shi.

Yanzu maganar asir ɗin kwali, ki yi haƙuri zan ɓata miki rai kaɗan. Ki juya bayan kwalin ki karanta. Da yawansu ruwa ne da suga da ɗan abin da aka ɗiga na 'ya'yan itace, hoton mangwaron da ke gaba ne kawai babba. Ko wanda aka rubuta ɗari bisa ɗari ba a ƙara suga ba, wanda shi haraji bai hau kansa ba kamar madara da laban, sugarsa ta asali tana nan kusa da ta lemo, kuma an tace an zubar da dusar da ke rage mata gudu a cikin jini. Lemon zaƙi guda ɗaya yaro ya ɓare ya ci ya fi masa kofin ruwansa nesa ba kusa ba. Ki nemi inda aka rubuta suga a kowane mililita 100, in kin ga 10 ko 11 to da shi da bebsi duk kanwar ja ce.

Sai azumi, wanda a nan ne gidajenmu suka fi faɗawa. Kin san yadda shimfiɗar buɗa baki take a Makka, jug ɗin Vimto a tsakiya ja wur, ga sobiya, abin shan nan mai zaƙi, fara da ja da aka sayo a leda, ga lugaimat, soyayyen ƙullin fulawa mai kama da fanke, yana ɗigar da zuma, ga namu na gado kunun tsamiya da zoɓo da muke ɗura wa suga da ludayi ba da cokali ba, sannan shayi ya biyo baya har sahur. Ciki ya wuni ba komai sai a sauke masa wannan duka cikin minti goma. Gwangwani hukuma ta iya sa wa haraji, tukunyar zoɓonki kuwa ba hannun da ke kaiwa can sai naki. Kada ki yanke lokaci ɗaya yara za su yi miki bore, ki riƙa rage ludayin kaɗan kaɗan duk sati, ki ƙara citta da kanumfari da na'ana'a, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni har ya koma jin na da ya yi masa zaƙi da yawa.

Shi kuma yaron, faɗa ba zai yi ba. Ki zaunar da shi ki ɗauko kofin gilashi ki ba shi cokali ya ɗebo suga da hannunsa sau 9 yana ƙirgawa, ki ce masa ga abin da ke cikin gwangwani ɗaya, na sha yin haka da yara a wurin aiki kuma za ki ga yadda suke zaro ido. Ki bar shi ya ga babansa yana allura, ki yi masa bayani a hankali ba don tsoratarwa ba, ki faɗa masa ciwon yana bin jini a dangi don haka shi ya fi abokansa buƙatar kula. Haƙoran kuma a kai shi a cike su tun kafin su kai jijiya, ya riƙa goge baki da man goge baki mai fuloraid safe da dare, kuma in ma zai sha lemon ya sha tare da abinci a tashi ɗaya, kurɓa kaɗan kaɗan duk wuni ita ta fi cin haƙori.

TAMBAYA

Anti ni aikin dare nake a wani otal kusa da Harami, in ban sha lemon ƙara kuzari biyu ko uku ba ba na iya kai wa asuba, kuɗinsa ya yi tsada sosai. In na koma wanda aka rubuta babu suga shikenan na tsira?
Matashi, Madina

AMSA

Ɗana ka tsira daga sugar amma ba ka tsira daga sauran ba. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yana da suga wajen giram 27 da sinadarin kafin (mai hana barci, irin na cikin gahawa) wajen miligiram 80, manyan gwangwanaye sun fi haka, kuma abin da ake ganin babba mai lafiya zai iya ɗauka a yini bai wuce miligiram 400 ba, in ka haɗa da gahawa da shayin da ake sha a wurin aiki ba wuya ka tsallake. Tun 2014 aka hana tallarsa a ƙasar nan da sayar da shi a makarantu da asibitoci, kafin ma a zo maganar haraji. Marar sugar ya fi mai suga in dole sai an sha, amma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ce kada a dogara da kayan zaƙin nan na roba don rage ƙiba.

Matsalarka barci ne ɗana. In ka tashi aiki ka toshe taga da labule mai kauri, ka kashe waya, ka samu awa bakwai ko da a kashi biyu ne. Gwangwanin ka rage zuwa ɗaya a farkon dare, kada ka daina rana ɗaya don ciwon kai zai dame ka, bayan ƙarfe biyu kuma ruwa kawai da ɗan dabino. In kana jin zuciyarka na bugawa da sauri ko hannunka na rawa ko ƙirji na riƙewa, ka ajiye shi gaba ɗaya ka je a auna maka jini a duba zuciyar a wannan satin.